Na kira bash daga cikin Python, amma ya ƙi karanta .bashrc ɗina

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan abu ɗaya yana hana ni barci. Ina rubuta wata 'yar manhaja da Python a kan Ubuntu, tana da maɓalli ɗaya da in ka danna zai gina min aikina da `npm run build`. Layin da na rubuta shi ne `subprocess.run("npm run build", shell=True)`. In na tayar da manhajar daga tamina (tagar buga umarni) komai lafiya lau. In kuwa na danna tambarinta a kan allo, sai ta dawo min da `/bin/sh: 1: npm: not found`. Kwamfuta ɗaya, mutum ɗaya, kod ɗaya. Da nvm (kayan girka Node) na saka Node, wanda npm ke zuwa tare da shi, kuma na duba da idona layukan nvm suna nan a ƙarshen `.bashrc`, fayil ɗin saitin bash, wato shel ɗin da ke karɓar umarni a tamina. Me nake yi ba daidai ba?

'YarKod:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amsar tana cikin saƙon kuskuren da ka liƙo. Karanta farkonsa: `/bin/sh`, ba `bash` ba. Duk lokacin da ka ce `shell=True`, a Linux Python `/bin/sh` yake kira, kuma a Ubuntu wannan sunan wani shel daban mai suna dash yake nunawa tun fitowar 6.10 a 2006. Dash bai san wani abu wai shi `.bashrc` ba, ba kuma zai taɓa buɗe shi ba.

Dalilin da ya sa yake aiki daga tamina kuwa gado ne. Taminar ta riga ta karanta `.bashrc`, ta gyara `PATH` (jerin foldodin da ake neman umarni a ciki), manhajarka ta gada, dash ya gada daga gare ta. In ka danna tambari babu wanda za a gada.

Sabon_Shiga:
Na gode Malama. Na ƙara `executable="/bin/bash"`. Yanzu saƙon ya koma `/bin/bash: line 1: npm: command not found`. An gudu ba a tsira ba.

Tsohon_Hannu:
Yauwa, yanzu ka iso inda gizo ke saƙa. Bari in ɗan ja maganar, domin wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta zuba tutoci irin su `-l` da `-i` a kan umarni yana fatan sa'a.

Bash yana yi wa kansa tambayoyi biyu in ya tashi. Ta farko: ni shel ɗin shiga ne, wato wanda ake buɗe wa mutum lokacin da ya shigo kwamfuta? Ta biyu: akwai mutum a gabana yana buga umarni ina ba shi amsa, ko kuwa aiki aka miƙo min in yi in tafi? Wanda ke da mutum a gabansa mu kira shi shel mai hira.

In shel ɗin shiga ne, zai karanta `/etc/profile`, sannan ya nemi `~/.bash_profile`, `~/.bash_login`, `~/.profile` a jere haka. Ka lura da kyau: na farkon da ya samu shi kaɗai zai karanta, sauran ko kallonsu ba zai yi ba. In mai hira ne amma ba na shiga ba, `~/.bashrc` zai karanta. In kuwa ba ko ɗaya ba ne, kamar naka da aka ba shi `-c` da umarni, ba ya karanta komai daga cikin waɗannan. Abin da kawai yake dubawa shi ne ko an saka masa sunan wani fayil a `BASH_ENV`.

To kai ka kira bash irin na uku, kana jiran ya yi halin na biyu.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka da alheri Malam, yanzu na fara ganin haske. Na gwada `["bash", "-l", "-c", "npm run build"]` tunda na san `.profile` na Ubuntu yana da layin da ke kiran `.bashrc`. Har yanzu shiru, npm bai fito ba.

'YarKod:
Buɗe `.bashrc` ɗinka ka dubi layuka goma na farko. Na yi imani za ka ga wannan:

```
case $- in
    *i*) ;;
      *) return;;
esac
```

Wannan mai gadin ƙofa ne. `$-` yana ɗauke da haruffan yanayin da shel yake ciki, harafin `i` yana nufin mai hira. In babu `i`, fayil ɗin yana sallamar bash tun daga nan. Shi kuma nvm a can ƙasa yake liƙa layukansa, inda ba za a taɓa isa ba. Haka `conda init` ma yake yi.

Sabon_Shiga:
Wallahi yana nan, kamar kina kallon allona. Na sauya zuwa `-i -c` kuma YA YI. Sai dai ana wata ga wata. Yanzu yana zubo min `bash: cannot set terminal process group` da `bash: no job control in this shell` in na tayar daga tambari. In kuma daga tamina na tayar, wani lokacin bayan umarnin ya gama sai manhajata ta sandare, taminar ta rubuta `Stopped`.

Mai_Saba:
Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ka ce wa bash akwai mutum a gabansa alhali babu, ya yarda da kai, ya je neman tamina don ya riƙe ragamarta. Inda babu tamina ya yi ƙorafi, shi ne saƙonnin nan biyu. Inda akwai ya karɓe ta daga hannun manhajarka, ita kuma da ta zo taɓa taminar aka aiko mata siginar `SIGTTOU` ko `SIGTTIN` aka tsayar da ita.

Ni shawarata ka bar wannan hanyar gaba ɗaya. `.bashrc` ɗakin kwanan mutum ne. Wani ya saka abin da ke buga masa gaisuwa, wani ya saka `exec zsh`, wani ya saka abin da ke buɗe tmux, wani ya saka abin da ke tambayar kalmar sirri. Manhajar da ta dogara da wannan fayil ɗin ba ta san abin da za ta tarar ba. Nemi cikakkiyar hanyar npm, ka saka ta a saitin manhajarka, ka gina `PATH` da hannunka, ka miƙa ta `env=`. Babu shel, babu rigima.

'YarKod:
Oga Mai_Saba, a kan saba maganarka dutse ce. Amma shi manhajar kan tebur yake yi. Hanyar npm a ƙarƙashin nvm tana ɗauke da lambar fitowar Node a cikinta, yau ya sabunta gobe hanyar ta canza. Kana so duk mai amfani da manhajar ya riƙa shiga saiti yana gyara hanya da hannu?

Mai_Saba:
Ƙwarai kuwa. Gara ya gyara sau ɗaya a wata ya san abin da ya gyara, da a ce wata rana manhaja ta maƙale bai san dalili ba.

Bari in ba ku labari. Akwai wani wurin da na taɓa aiki, muna da aikin da ke kwafe bayanai kowane dare da rsync zuwa wata saba. Wata safiya muka tarar bai gudana ba, washegari ma haka. Mun duba faifai, mun duba layin sadarwa, mun duba makullan SSH. Ashe wani abokin aiki ne ya saka `echo` na barka da zuwa a saman `.bashrc` na wancan asusun, sama da mai gadin da Malama ta nuna. Bash yana da wata ɗabi'a: in ya gane sshd, mai karɓar masu shigowa ta SSH, ne ya tashe shi, yana karanta `.bashrc` ko da ba mai hira ba ne. Gaisuwar ta shiga cikin bututun da rsync ke magana da ɗan'uwansa, zancen ya rikice. Layi ɗaya, dare biyu. Tun daga ranar ba na barin wani aiki na atomatik ya shaƙi iskar fayilolin mutum.

Tsohon_Hannu:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma ba tambaya ɗaya kuke amsawa ba. Mai_Saba yana maganar aikin da dole ya fito iri ɗaya kullum ko wa ya tashe shi. Cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, ma haka aka gina shi: `/bin/sh` yake ba ka da ɗan gajeren `PATH`, da gangan. 'YarKod kuma tana maganar manhajar da alkawarinta shi ne "zan yi abin da taminarka za ta yi". Wannan ba ta da mafita sai ta tambayi shel ɗin mutum.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa tura kowane umarni ta cikin `bash -i`. Tambaya sau ɗaya ake yi. Manhajar ta tashi, ta buɗe shel ɗin mutum na shiga kuma mai hira, ta ce masa buga min muhallinka (wato `PATH` da sauran ƙimomin da ake gada), ta adana, ta rufe shi. Daga nan duk umarnin da za ta gudanar sai ta miƙa masa wannan muhallin kai tsaye. Ba sabon abu ba ne. VS Code haka yake yi in ka tashe shi daga tambari, kuma in shel ɗinka ya wuce daƙiƙa 10 bai amsa ba sai ya haƙura ya nuna maka gargaɗi. Masu Emacs ma suna da `exec-path-from-shell` don wannan matsalar.

Mai_Tuffa:
Mu masu Mac wannan ciwon namu ne na gado. Duk manhajar da ka buɗe daga tambari launchd, mai tayar da manhajoji a Mac, ne ke tashe ta, kuma `PATH` ɗin da take samu `/usr/bin:/bin:/usr/sbin:/sbin` ne kawai. Homebrew kuwa, da muke girka kaya da shi, a sababbin injina `/opt/homebrew` yake zama, ba ya cikin jerin.

Roƙona ɗaya ga Sabon_Shiga: kada ka rubuta "bash" a cikin kod ɗin kamar kowa shi yake amfani da shi. Tun Catalina a 2019 zsh ne shel ɗin sabon asusu a Mac. Shi kuma tsarinsa daban: `.zshenv` kullum ana karanta shi, `.zprofile` in na shiga ne, `.zshrc` in mai hira ne, `.zlogin` a ƙarshe in na shiga ne. Ɗauko sunan shel daga `SHELL`, in babu ka duba `pwd.getpwuid(os.getuid()).pw_shell`. Kuma Terminal na Mac kowace taga shel ɗin shiga take buɗewa, saɓanin yawancin taminonin Linux. Shi ya sa mutanenmu da yawa duk kayansu a `.zprofile` ko `.bash_profile` suke. In ka ba da `-i` kaɗai ba `-l` za ka rasa su.

Sabon_Shiga:
To Malam Tsohon_Hannu, ta yaya zan raba muhallin da sauran shirgin da `.bashrc` zai iya bugawa? Ni kaina ina da layin da ke nuna min kwanan wata in na buɗe tamina.

Tsohon_Hannu:
Ka kafa turaku biyu. Ƙirƙiri wata kalma da ba za ta taɓa fitowa da kanta ba, `uuid.uuid4().hex` ya isa. Umarnin da za ka ba shel ya buga kalmar, ya buga muhallin, ya sake buga kalmar. Abin da ke tsakani naka ne, na waje shara ne. Kuma kada ka dogara da `env` kana yanka shi layi-layi, domin ƙimar wani abu tana iya ɗauke da sabon layi a cikinta. Sa Python ɗinka da kansa ya buga `os.environ` a siffar JSON, ka kira shi da `sys.executable`. Kiran zai yi kama da haka:

```
subprocess.run([shel, "-i", "-l", "-c", umarni],
    stdin=subprocess.DEVNULL, capture_output=True,
    start_new_session=True, timeout=10)
```

Kowane ɗaya da aikinsa. `DEVNULL` don in wani abu ya tsaya tambaya ya tarar babu mai amsawa ya wuce. `start_new_session` yana raba shi da taminarka, don haka ba zai ƙwace ta ba, `Stopped` ɗin nan ya ƙare. Ƙorafin rashin tamina zai ci gaba da fitowa a ɓangaren kurakurai, ka ƙyale shi. `timeout` kuwa saboda irin mutanen da Mai_Saba ya lissafa. In lokaci ya cika, koma kan muhallin da ka gada ka gaya wa mai amfani abin da ya faru.

Abu ɗaya da wannan ba zai kawo maka ba: `nvm` kansa. Shi ba fayil ba ne a kan faifai, fankishan ne da ke rayuwa a cikin shel, yana mutuwa tare da shi. `alias` ma haka. Amma npm da node fayiloli ne na gaske, kuma nvm ya riga ya saka hanyarsu a `PATH` lokacin da aka loda shi.

Mai_Saba:
Kuma kada wani ya zo ya ce a yi `export -f` a tura fankishan ta muhalli. Ta wannan ƙofar Shellshock, ramin tsaron nan na bash, ya shigo a 2014. An toshe ramin, amma ni har yau in na ga ana yi sai gabana ya faɗi.

Dan_Windows:
Ina ta karatu ina dariya, wai mu ake cewa namu da wahala. A Windows `PATH` a rajista yake, manhajar da ka danna tana samunsa ba tare da ta roƙi kowa ba.

Amma kada in yi alfahari da yawa, mu ma muna da namu. `cmd.exe` yana da `AutoRun` a rajista, ƙarƙashin `Software\Microsoft\Command Processor`, kuma yana gudanar da shi har in ka kira `cmd /c` daga kod. In wani ya saka `cd` a ciki, umarninka zai farka a wata folda daban. `/d` ne ke kashe shi. PowerShell kuma akasin bash yake: yana karanta fayilolin `$PROFILE` ko da umarni ɗaya ka ba shi, sai ka ce `-NoProfile`. Wato ku kuna fama a karanta muku, mu muna fama a daina.

Dabarar Malam ta ɗaukar muhalli mun daɗe muna yi da Visual Studio. Ba za ka kira `vcvarsall.bat` a wani kira, ka kira kwamfaila a wani kiran daban ba, domin muhallin ya tafi da shel na farko. Sai dai `cmd /c "call vcvarsall.bat x64 && set"`, ka kwashe abin da `set` ya buga. In taga kake so ta zauna a buɗe bayan fayil ɗin ya gudana, `/k` ne maimakon `/c`.

Sabon_Shiga:
Jama'a na dawo, kuma kaina ya ƙara ɗaurewa. Na rubuta komai yadda Malam ya ce. JSON yana fitowa tsaf. Amma babu hanyar nvm a cikin `PATH`! In na cire `-l` na bar `-i` kaɗai tana nan. In na mayar da `-l` ta ɓace. Ai na ɗauka ƙara tuta ƙara karatu ne.

'YarKod:
A zsh haka ne, a bash ba haka ba ne. Koma ka karanta bayanin Malam na farko. Bash na shiga ba ya buɗe `.bashrc` da kansa ko da mai hira ne, sai in fayil ɗin shigar ne ya kira shi. Ka ce `.profile` ɗinka yana kiransa. Tambayar ita ce, ana karanta `.profile` ɗin kuwa? Buga `ls -la ~ | grep -i prof` ka nuna mana.

Sabon_Shiga:
Innalillahi. Akwai `.bash_profile`. Ban san da shi ba. Layi ɗaya ne a ciki, wani abu da na girka watannin baya ya ƙara hanyarsa a `PATH`. Ko manhajar ma na daɗe da gogewa.

Tsohon_Hannu:
Ga ɓarawon nan. Ranar da aka ƙirƙiri wannan fayil ɗin bash ya daina ganin `.profile` ɗinka. Ba ka lura ba saboda taminar da kake buɗewa kullum ba ta shiga ba ce, kai tsaye take zuwa `.bashrc`. Da ka taɓa shiga injin ta SSH da ka tarar da shi tsirara, babu launi babu nvm. Kenan lokacin da ka gwada `-l -c` ƙofofi biyu ne a rufe, mu muka ga ta ciki muka manta da ta waje. Ni ma ban kawo ta ba.

Ko ka goge shi, ko ka saka `. ~/.profile` a cikinsa. Don gaba kuma, in kana son ganin abin da ake karantawa da idonka, `strace -e trace=openat bash -lic exit` zai jero maka duk fayil ɗin da ya buɗe. A cikin shel kuma `shopt login_shell` da `echo $-` za su gaya maka wane iri ne.

Mai_Saba:
To kun gani. Injinsa ne, shi ya girka komai, amma sai da mutum biyar suka taru kafin a gano. Ranar da manhajar ta je hannun mutum ɗari fa?

'YarKod:
Ranar sai ya saka akwatin saiti inda mutum zai iya rubuta hanyar da hannu in tambayar shel ta gaza. Ka ga an ba ka naka, Oga.

Mai_Saba:
Ni da shi za a fara, tambayar shel ta zama ta biyu. Amma na ji.

Sabon_Shiga:
Na goge fayil ɗin, maɓallin yana aiki daga tambari da daga tamina. Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: ina so in ƙara wani ɓangare a manhajar inda mutum zai samu tamina ta sosai ya yi ta buga umarni. Wannan kiran zan maimaita ba tare da `-c` ba?

Tsohon_Hannu:
A'a, nan bututu ba zai yi ba, sai tamina ta bogi. `pty.fork()` zai ba ka ita, ya raba manhajar biyu, uwa da ɗa. A ɓangaren ɗan, kira `os.execv("/bin/bash", ["-bash"])`. Dubi ɗan layin da ke gaban sunan. Tsohuwar al'adar Unix ce: `login` yana saka wannan alamar a farkon sunan da ya kira shel da shi, shel ya gani ya san na shiga ne. `su -` ma haka yake yi. Ta fi `-l` aminci in ba ka san shel ɗin mutum ba, domin tcsh ba ya karɓar `-l` sai in ita kaɗai ce tutar. Ba ka bukatar `-i`, da ya ga tamina a gabansa zai gane da kansa. Saka `TERM` kafin ka kira shi, `xterm-256color` in allonka ya iya fassara shi, kuma ka gaya masa faɗi da tsawon tagar da `TIOCSWINSZ` duk lokacin da aka ja ta, in ba haka ba dogon layi zai riƙa hawa kan kansa.

'YarKod:
Ka kuma kula, manhajar allo yawanci tana da zaren aiki (thread) fiye da ɗaya a guje, kuma daga Python 3.12 za ka ga gargaɗi in ka yi `fork` a wannan halin. Ni `pty.openpty()` nake yi in haɗa da `Popen`, in ba shi `["-bash"]` da `executable="/bin/bash"`. Sai dai nan kai za ka tabbatar taminar ta zama mai riƙe da ragamarsa, in ba haka ba `no job control` zai dawo maka kuma Ctrl+C ba zai yi aiki ba. Gwada ka buɗe sabuwar tattaunawa a kai, wannan ta yi tsawo.

Mai_Tuffa:
In ka gama turo min in gwada a kan zsh. `.zshrc` ɗina daƙiƙa huɗu yake ɗauka kafin ya tashi, za mu ga ko `timeout` ɗin naka zai yi haƙuri da ni.